Sakura A Japan, Madobiya A Taraba

Akwai wata bishiya a ƙasar Japan wadda mutanen can suke kira sakura. 'Ya'yanta ƙanana ne masu ɗaci, ba mai kai su kasuwa, amma idan lokacin hudarta ya yi sai ƙasar ta ɗauka gaba ɗaya, tun daga fadar Sarki har zuwa ga mai sharar titi. Gidajen rediyo da na talabijin sukan riƙa ba da labarin inda fure ya kai kowace safiya, kusan yadda ake bin labarin ganin wata a nan ƙasar idan azumi ya gabato. Mutane su ɗauki shimfiɗa da abinci su tafi gindin itatuwa su zauna, alhali ba wa'azi ake yi a wurin ba, ba kuma dambe ba, kallon fure kawai ya tara su. Abin kuwa ba ya daɗewa. Daga ranar da fure ya fara buɗewa zuwa ranar da bishiya za ta cika, mako guda ne ko abin da ya yi kusa da haka, daga nan kuma wani makon ya isa iska da ruwan sama su kakkaɓe shi ya zube ƙasa.

Wannan al'ada, wadda su suke kira hanami, watau kallon fure, ta daɗe da wuce iyakar ƙasarsu. Kowace shekara baƙi masu ɗimbin yawa sukan taso daga Turai da Amurka da sauran ƙasashen Asiya, su kashe dukiya domin su ga abin da ba zai wuce mako biyu ba. A cikin masu wannan buri har da wani ma'aikacin gwamnati a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, mutum mai matsakaicin albashi da iyali, wanda bai taɓa ƙetare iyakar Nijeriya ba in ban da wata tafiya da ya yi zuwa Garwa ta Kamaru. Asalin sha'awarsa wata kalanda ce da wani dillalin babura ya ba mahaifinsa tun shi yana yaro, a zamanin da abin da yawancin mutanen Arewa suka sani game da Japan bai wuce Honda da Suzuki da Toyota da rediyon National ba. A shafin watan Afrilu akwai hoton wani dutse mai farin kai, a gabansa kuma itatuwa sun lulluɓe da fure fari mai ɗan ruwan hoda, ba ganye ko ɗaya. Shekara ta ƙare aka yar da sauran shafukan, wannan kuwa ya manna shi a bangon ɗakinsa har hayaƙin fitila ya dusashe shi.

Da ya manyanta ya ga abin ya ƙi barin zuciyarsa, sai ya shiga adashi a wurin aiki, ya sayi littafin rubutu ya fara lissafi. Abu na farko da ya gano shi ne kalmar bazara tana yaudara. Masu fassara sukan ce sakura tana huda da bazara, sabo da abin yana faɗowa a watannin Maris da Afrilu, amma bazarar Jalingo daban, ta Japan daban. A Jalingo lokacin ne zafi yake kai maƙura, rijiyoyi su ja baya, kogin Lamurde ya koma rairayi, mutane su riƙa kwana a tsakar gida suna duban gabas ko hadari zai taso. A Tokyo kuwa lokacin ne ake fitowa daga sanyi mai tsanani, da sauran ɗari a gari, mai zuwa sai ya tanadi rigar sanyi irin wadda zai ɗauka in zai hau Mambila.

Abu na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne sanin rana. Ƙasar Japan tsibirai ne da suka miƙe daga kudu zuwa arewa, tsawon kilomita wajen 3,000, fure kuwa daga kudu yake farawa ya bi ɗumi yana hawa. A Okinawa wani irin sakura mai ja sosai yakan buɗe tun a watan Janairu. Tokyo da Kyoto sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, Hirosaki sai ƙarshen Afrilu, Sapporo kuwa, can arewa, wani lokaci har farkon Mayu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana da bishiya ta musamman da take dubawa a kowane babban gari. Ta Tokyo tana cikin harabar wurin bauta na Yasukuni. Ma'aikacin hukuma yakan je ya tsaya a gabanta, 'yan jarida na biye da shi, ya ɗaga kai ya ƙirga. In ya sami fure biyar ko shida sun buɗe sai ya yi shelar lokaci ya kama, in kuma kashi 80 cikin 100 suka buɗe sai a ce bishiya ta cika. A 2023 an yi shelar Tokyo ran 14 ga Maris. A 2024 ba a yi ba sai ran 29 ga Maris. Tsakani kwana 15 ke nan, watau tsawon rayuwar furen gaba ɗaya, wanda ya sayi tikiti bisa ranar bara yana iya isa ya tarar da rassa tsirara. Su kansu ba su ɗauki kuskure a wannan fanni da wasa ba. A 2007 manyan hukumar sun fito bainar jama'a sun nemi gafara domin hasashen da suka bayar ya kauce, daga 2010 kuma hukumar ta bar wa kamfanoni aikin hasashe, ita ta tsaya ga shela.

Dalilin da ya sa itatuwan gari guda suke buɗewa tare su zube tare abin lura ne. Yawancin waɗanda ake gani a tituna da bakin koguna iri ɗaya ne, ana kiransa Somei Yoshino, wanda masu lambun wani ƙauye mai suna Somei, da ke cikin Tokyo a yau, suka fara yaɗawa a ƙarni na 19. Ba da ƙwallo ake shuka shi ba, aure ake yi masa, kamar yadda masu lambu a nan suke yi wa mangwaro. Sabo da haka duk waɗannan itatuwa da suka cika ƙasar reshe ne na asali guda, halinsu ɗaya, ɗumin da zai tashi ɗaya shi zai tashi sauran.

Sai maganar hanya da guzuri. Mutumin Jalingo sai ya fara zuwa Abuja neman bizar Japan, da fasfo da shaidar aiki da ta banki da tsarin inda zai kwana kowane dare. Babu jirgin da yake tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa can, sai an ya da zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul, a shafe kusan kwana guda cur a hanya. Agogonsu yana gaba da na nan da awa 8. Masaukai a Kyoto sukan cika tun da watanni, kuɗinsu kuma ya hau, watau dole mutum ya biya tun kafin masu hasashe su ce uffan. Dabarar da matafiya suke yi ita ce su ba kansu kwana goma ko fiye, in sun tarar fure ya wuce a Tokyo su hau jirgin ƙasa su bi shi arewa, in bai iso ba su gangara kudu su tarye shi. Musulmi zai sami masallaci a Tokyo da Kobe, wanda aka gina tun 1935, amma abinci sai da tambaya. Da mutumin ya haɗa tikiti da masauki da jirgin ƙasa da ci, sai ya ga lissafi ya shiga miliyoyin Naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a 2024 Naira 70,000 ne. Bai rufe littafin ba, amma ya daɗe yana kallon shafin.

A cikin karance-karancen da ya yi akwai abin da ya fi ranakun jirgi tsaya masa a rai, shi ne cewa wannan kyau da duniya take tafiya gani, hannun mutane ne ya dasa shi. Tarihinsu ya nuna Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a Kyoto a shekarar 812, abin kuma ya daɗe yana hannun sarakuna da fadawa da mawaƙa. A 1720 mai mulkin ƙasar na lokacin, Tokugawa Yoshimune, ya sa aka dasa itatuwan a tudun Asukayama aka buɗe wa talakawa su je su sha iska. Dutsen Yoshino, a yankin Nara, yana ɗauke da itatuwa wajen 30,000, waɗanda masu ziyarar ibada suka yi ta dasawa ƙarni bayan ƙarni. A 1910 birnin Tokyo ya aika wa Washington ta Amurka kyautar itatuwa 2,000, aka same su da ƙwari aka ƙone. Magajin garin, Yukio Ozaki, bai yi fushi ba, a 1912 ya sake aikawa da 3,020. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da itatuwan bakin kogin Arakawa suka lalace, daga waɗancan na Amurka aka yanko rassa a 1952 aka mayar gida.

Bayan dasawa kuma sun rubuta. Fadawa da malaman addininsu sukan sa ranar da aka yi zaman kallon fure a littattafansu na yau da kullum, har wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi waɗannan rubuce-rubuce ya tattara ranakun cikar fure a Kyoto na shekara 1,200. Da aka jera su sai aka ga a ƙarnonin baya tsakiyar Afrilu ne lokacin, amma tun daga ƙarni na 19 rana take ta matsowa gaba sabo da ɗumamar duniya da zafin birni. A 2021 fure ya cika ran 26 ga Maris, ranar da ba a taɓa samun wadda ta riga ta ba a duk jerin har zuwa wannan shekara. Abin da wani bafade ya rubuta don nishaɗi ya zama hujja a hannun masana yanayi.

Ran nan mutumin ya je gaida ƙanin mahaifinsa, wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana kiwo a dazuzzukan kudu da Jalingo kafin ya zauna wuri ɗaya kusa da Sunkani. Bayan an gaisa an sha fura, sai ya ce, "Baffa, ina tara kuɗi ne in je Japan in ga wata bishiya."

Tsoho ya ce, "Magani ce?"

Ya ce, "A'a, Baffa."

"Ana cin 'ya'yanta?"

"Ba a ci."

"Shanu fa, suna cin ganyenta?"

"Ban ji an ce suna ci ba."

"To, ɗana, me take yi?"

Ya ce, "Fure take yi. Takan zubar da ganye duka ta tsaya kamar busasshiya, sa'an nan rana ɗaya ta lulluɓe da fure tun daga sama har ƙasa, bayan 'yan kwanaki ya zube."

Tsoho ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ai madobiya kake faɗi. Sai dai ita furenta rawaya ne. Kuma ita shanu suna ci."

Mutumin ya san sunan, amma da aka ce ya kwatanta furenta sai ya rasa abin faɗi. Shi da tsararrakinsa a Jalingo sun fi saninta da wani suna, Madrid, sun kuma fi ganinta a kwance a bayan tirela, an fafe ta kusurwa huɗu, an rubuta mata lamba da fenti.

Madobiya, wadda Fulani suke kira banuhi, bishiya ce ta dajin da ke tsakanin kurmi da sahel, tun daga Senegal har zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya. Tsawonta yakan kai mita 12 zuwa 15, ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi, in an sare shi sai wani ruwa ja ya fito kamar jini. Tana son gangaren duwatsu da ƙasa mai tsakuwa inda waɗansu itatuwa ba sa jurewa, gobarar daji kuma ba ta cika kashe ta ba. Idan kaka ta wuce sai ta zubar da ganye. Tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya bushe kome, ciyawa ta ƙone, daji ya koma toka da ƙura, a lokacin ne take huda. Furen ƙanana ne, ruwan zinariya, cunkus a kan rassa, da ƙamshi mai daɗi, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Wanda ya hango ta daga nesa a gefen dutse sai ya ce wuta aka kunna a cikin hazo. Bayan fure sai 'ya'ya masu faɗi kamar faifai ƙarami, da ƙayoyi a tsakiya, abin da ya sa masana tsirrai suka raɗa mata suna Pterocarpus erinaceus, kalmar ƙarshen kuwa bushiya take nufi. Daga nan sabon ganye ya fito tun ruwa bai sauka ba, a daidai lokacin da dabba ba ta da abin kai wa baki, makiyaya su hau su datso rassa. A Bamako ta Mali har kasuwa ake kai ganyenta a sayar wa masu kiwon tumaki a gida. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar ta wake da gyaɗa, domin danginsu ɗaya.

Ba ita kaɗai take ado da rani ba. Gurjiya, wadda waɗansu suke kira kurya, ita ma tsirara take huda, da manyan furanni jajaye masu kauri kamar ƙananan kofuna, waɗanda Tibi suke tsince gindinsu su shanya su yi miyar da suke kira genger. Rimi da dare yake buɗe nasa, jemagu su yi ta shawagi. Kaɗanya takan cika wuri da ƙamshi, mangwaro ya yi huda har ganye ya ɓace, minjirya ta fito da nata ja wur a jikin shinge. Wajen Fabrairu da Maris ɗorawa ta sako jajayen ƙwallaye masu lilo kamar tuntun hula, bayanta kuma marga ta zubo da dogayen zangarniyoyi rawaya gab da saukar ruwa. In da za a jera su bisa wata, da an sami kalanda cikakkiya tun daga Nuwamba har Afrilu, ba tare da an nemi hoton dutsen kowa ba.

To, me ya sa ba a taɓa jin an ce mutanen gari sun ɗauki tabarma sun tafi kallon hudar madobiya ba? Masu saurin yanke hukunci za su ce Bahaushe da maƙwabtansa ba su da idon ganin kyau, wannan kuwa ba gaskiya ba ne, duk wanda ya dubi aikin wuyan riga ko zanen bangon soro ko sassaƙar ƙwarya ya san da ido. Abin da yake akwai shi ne manomi da makiyayi suna duban huda a matsayin alkawari. Hudar ɗorawa labarin kalwa da daddawa take bayarwa, ta kaɗanya labarin man kaɗe, ta mangwaro labarin abin da yara za su sha kafin damina. Furen da ba ya kawo kome kuwa har suna aka ba shi, furen kallo, sunan da yake ɗauke da ɗan raini. Tambayoyin da tsohon nan ya yi su ne tambayoyin da duk wanda ya taɓa kwana da yunwa zai yi. Su ma manoman Japan da can hudar sakura alama ce a gare su ta lokacin shirin shukar shinkafa. Bambancin ya zo ne daga baya, da aka sami masu mulki da suka dasa ta a inda jama'a za su taru, da marubuta da suka riƙa sa ranarta a takarda, har ta zama abin da in aka taɓa shi gari zai tashi. Bishiyar da mutane dubu suke zuwa gani kowace shekara tana da masu gadi dubu. Madobiya kuwa tana can gefen dutse, daga makiyayi sai mai neman zuma suka san ranar hudarta, su kuwa ba a tambaye su ba ranar da masu zarto suka iso.

Masu zarton sun iso ne sabo da wata kasuwa mai nisa. A ƙasar Sin, ba Japan ba, akwai tsohuwar sha'awar kujeru da gadaje da akwatuna na jan katako mai nauyi, irin na gidajen sarakunan da, wanda suke kira hongmu. Da arziki ya yalwata a can sai masu saye suka yi yawa, itatuwan da aka saba amfani da su a kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma, inda suka sami madobiya, wadda a cinikin ake kira kosso. Aka bi ta ƙasa bayan ƙasa, Gambiya da Senegal da Gini Bisau da Togo da Benin da Ghana, in ta yi ƙaranci a nan ko hukuma ta hana sai a matsa gaba. Wajen 2013 zuwa 2014 abin ya iso Nijeriya da ƙarfi, cikin 'yan shekaru kuma ƙasar ta shiga sahun gaba na masu aika irin wannan katako. Taraba ta zama cibiya. A ƙananan hukumomin Ardo Kola da Bali da Gashaka da Kurmi samari suka bar gona suka shiga daji da zarto mai inji, a kayar da bishiya, a yanke ta gunduwa-gunduwa, a gangaro da gumagumai daga kan dutse, a loda a tsofaffin motoci zuwa wuraren tarawa irin su Garba Chede, daga can tirela ta kwasa zuwa Legas, a zuba a kwantena. Kuɗi sun shigo ƙauyuka, ba mai musun wannan, an sayi babura, an yi rufin kwano, an yi aure. Amma abin da ya tsaya a hannun mai sara da mai dako ɗan kaɗan ne in an gwada da abin da gungumen yake zama in ya isa can, waɗansu samarin kuma gungume ya karya su, waɗansu bai bar su da rai ba.

Duniya ta farga, ko da yake a makare. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wadda take sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, suka sa madobiya cikin jerin waɗanda ba a fitar da su sai da takardar izini, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A Nuwamban wannan shekara wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto ta ce gumagumai fiye da miliyan 1.4 daga Nijeriya, na kimanin Dala miliyan 300, an tsare su a tashoshin jiragen ruwa na Sin, daga baya aka sake su da takardun da aka bayar bayan kaya sun riga sun tafi. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, a wannan shekara kuma aka sa ta cikin itatuwan da suke cikin haɗarin ƙarewa. A 2022 aka faɗaɗa takunkumin ya shafi sauran ƙasashen da take fitowa. Kafin duk wannan ya kankama, manyan itatuwan da suke kusa da hanya sun riga sun tafi, masu sara har sun kai ga iyakar gandun dajin Gashaka Gumti. Jihar da aka ƙirƙira ran 27 ga Agusta 1991, wadda take yi wa kanta kirari da cewa ita kyauta ce ta halitta ga ƙasa, ta yi asarar abin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma a cikin abin da bai kai shekara goma ba. Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne makiyayi, domin ganyen da yake tsallakar da garke daga rani zuwa damina ya ragu, sai mai amya, sai manomin gindin dutse da ruwa yake zuwa masa da gudu yanzu ya kwashe ƙasa.

Mutumin Jalingo bai fasa Japan ba. Adashinsa yana nan, shafin lissafin yana nan, har ya yanke cewa in Allah ya nufa Hirosaki zai nufa a ƙarshen Afrilu, domin can akwai tsohuwar fada da ganuwa, cunkoson baƙi kuma bai kai na Kyoto ba. Amma ya juya littafin ta baya ya buɗe sabon shafi, ya shirya wata tafiyar wadda ba ta bukatar biza. A tsakiyar Janairu zai yi ta. Za su tashi daga Jalingo bayan sallar asuba, domin da sassafe ne ake ganin duwatsu sosai kafin rana ta haɗu da ƙura kome ya yi fari. Za su tsaya Sunkani su ɗauki tsohon, su bi ta Garba Chede su ƙetare Mayo Kam zuwa Bali a bakin kogin Taraba, su kwana. Washegari su wuce Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, su nemi izini da ɗan jagora, domin a cikin gandun ne aka fi sa ran samun manya waɗanda zarto bai kai gare su ba. Gandun shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, a cikinsa ne kuma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419. Kafin ranar zai je tasha ya tambayi direbobi halin da hanya take ciki da inda bai kamata dare ya same su ba.

Tsohon ya gargaɗe shi kada ya sa ran ganin abin da shi ya gani yana saurayi, lokacin da gangaren dutse guda yakan koma rawaya har shanu su riƙa tafiya a kan furen da ya zuba. Ya ce abin da za su fi gani a bakin hanya kututtura ne. Amma madobiya tana da wani hali, in an sare ta ba a ƙone kututturen ba takan yi toho ta gefe, in awaki da wuta da masu gawayi suka ƙyale tohon yakan zama bishiya, sai dai tana da jinkirin girma, wanda ya ga tohon ba lalle ya ga gungumen ba. Ya ce zai nuna masa yadda ake gane ta ko ba fure, daga ɓawo.

A sabon shafin mutumin ya ja layi huɗu: rana, wuri, sunan bishiya, da ko fure ya fara ne ko ya cika ko ya zube. Ya ce wa babban ɗansa, wanda yake aji biyu a sakandare, shi zai riƙe biro. Tsohon kuma ya kafa sharaɗi ɗaya, shi zai zauna a gidan gaba, domin daga baya ba a ganin kan dutse.